Yadda tankin injin niƙanmu ya koma murhun banda

Ranar da na kai wa Baba mai walda tankin nan a Dilimi, cikin garin Jos, ko sauke shi daga bayan a-kori-kura bai bari an yi ba. Ya zagaya shi sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa cikinsa da sifana, ya hau ya kwance murfin sama ya kau da fuska, sannan ya sauko yana goge hannu a gaban rigarsa.

"Malam, mayar da kayanka gida. Yau ban sa wa wannan wuta, ko nawa za ka ba ni."

Na ce, "Haba Baba, ai wayam yake. Shekara biyu rabonsa da ɗigon mai."

Ya ce, "To ai shi ne abin tsoron. Da a cike yake da na fi samun natsuwa."

Na biya mai mota kuɗin zuwa da na komowa, raina a ɓace. Wannan a watan Nuwamba ne na 2024, hunturu ya fara kankama.

Tankin na injin niƙan mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, a Unguwar Rogo. Lita 500 yake ci, kaurin ƙarfensa milimita 3, aikin zamanin da ba a yi wa ƙarfe rowa. Tun ina firamare na buɗe ido na gan shi a tsaye bayan ɗakin injin, tiyo ya fito daga gindinsa ya nufi tsohon injin Lister ɗin da ƙararsa ke tashe mu kafin ladan ya yi kira na biyu. A 2022 dizal ya yi tashin gwauron zabo, kuɗin niƙa ya daina biyan kuɗin mai, muka rufe, muka sayar da injin. Tankin ya rage a tsakar gida, kaji na kwana a inuwarsa. 'Yan gwangwan sun taya shi sau biyu, a kilo, tayin da in na faɗa muku sai ku ce zagi ne.

Ni kuma akwai abin da ya daɗe yana cin raina. Kowace Babbar Sallah uwargida sai ta kwana biyu a gaban kasko tana suyar naman layya, man gyaɗa na ƙarewa, idonta na ruwa, don kowa ya san ba a dogara da firji a garin da wuta ke zuwa in ta ga dama. Ga ni da son banda tun ina yaro. Miyar kuka da bandar Baga, in kana so ka saye ni da araha, to ka samu hanya. Sai na riƙa cin karo a YouTube da mutanen jihar Texas ta Amurka suna yanka manyan tankuna suna mayar da su murhun kyafa nama. Tsarin ba wuya: wuta tana cikin wani akwati daban a gefe, nama yana cikin babban ciki, zafi da hayaƙi kaɗai ke ratsawa ta kansa su fice ta bututu a ɗaya gefen. Ya sha bamban da tukubar mai tsire, inda nama ke fuskantar garwashi ido da ido. Na dubi tankinmu na ce ai ga abin nan a gida.

Abin kunyar shi ne kimiyyar sinadarai nake koyarwa a sakandare. Abin da Baba ya faɗa mini a bakin titi, ni nake rubuta wa 'yan aji biyar a allo duk shekara. Da na dawo gida na huce, sai na ɗauki biro na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko.

Ruwan mai ba shi ne ke fashewa ba, tururinsa ne idan ya gauraya da iska. Tururin fetur yana kama wuta idan ya kai tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iskar da yake ciki. In ya haura haka, iskar ta yi masa kaɗan, ba ya tashi. Shi ya sa cikakken tanki ya fi wanda aka juye sauƙin sha'ani. Ɗauki duro na yau da kullum mai lita 200. Kashi 1.4 nasa bai kai lita uku na tururi ba, kuma fetur ɗin da zai ba da wannan tururin bai wuce cokalin cin abinci ɗaya da ɗan ɗori ba. Cokali ɗaya. Wanda ya maƙale a lungun da aka naɗe bakin duro, ko ya jiƙa tsatsar gindi, ya isa ya ɗaga murfin ya yi sama da kan mai yanka. Ga shi tururin ya fi iska nauyi, ba ya tashi ya fita don an bar murfi a buɗe, kwanciya yake a ƙasa ya yi ta jira. Lokacin ba a fi wata guda ba da abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa, inda tankar fetur ta hallaka mutum fiye da 150, don haka maganar ba ta yi wa kowa nisa ba.

Hujjar da na riƙe a zuciyata ita ce namu dizal ne, wanda direbobi ke kira gas, ba fetur ba. Gaskiya ne akwai bambanci. Fetur yana fitar da tururin da zai kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, shi kuwa dizal sai zafinsa ya haura digiri 50. Amma faifan giranda yana cin ƙarfe ne har ya yi ja. Inda yake yanka, zafin ya ninka hamsin ɗin sau da yawa, dauɗar da ke liƙe ta ciki ta narke ta zama tururi a cikin rufaffen wuri, tartsatsi kuma na zuba a kai. Sannan wa zai rantse cewa a shekara talatin ba a taɓa sirka man da kananzir ba lokacin wahalar mai? Ni dai ba zan dafa Alƙur'ani a kan haka ba.

Da na koma wurin Baba bayan kwana biyu, na tarar da shi yana shan shayi a kan benci. Bai ce mini "ai na gaya maka" ba, ko da yake ya cancanci ya faɗa. Labari ya ba ni na wani da suka koyi aiki tare suna samari, wanda aka kawo wa duro aka ce na ruwa ne. Ya shinshina bai ji komai ba, ya ɗora wuta. Ya rayu, amma bai ƙara ji da kunnen hagu ba, kuma bai ƙara riƙe kan walda ba. Baba ya ce, "Tun daga ranar na san gemun ɗan'uwana ya kama wuta, ni kuwa ruwa nake shafa wa nawa har gobe. Hanci ba ma'auni ba ne, Malam." Ya kuma yi tir da dabaru biyu da ake yi a garejoji: jefa tsumma mai wuta a ciki wai a ƙone iskar, da zura tiyo daga salansar mota wai hayaƙi ya kore ta. Na farko ganganci ne tsantsa. Na biyun kuwa caca ce, don ba ka da yadda za ka san hayaƙin ya kori iskar duka ko rabi, kuma injin da ba ya ƙona mai sosai ƙara maka ɗanyen mai yake yi a ciki.

Sharaɗinsa ɗaya: wanki uku, sannan a cika shi da ruwa har ya yi ambaliya, shi kuma zai zo gida ya yanka. Ba za a kai masa ba, don lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato rabin tan ke nan ban da nauyin ƙarfen.

Nan ne aikin ya ci mini mako guda. Na fara kwance famfon gindi, sai ga baƙin ruwa mai kauri kamar kunun kanwa yana tsiyaya, ya kusa cika bokitin fenti, daga tankin da na rantse wayam yake. Wannan na kai wa wani bakanike mai tara baƙin mai. Sai muka tafasa ruwa a tukunyar biki, muka zuba da omo mai yawa har kusan kashi ɗaya cikin huɗu, muka toshe, ni da ƙanina da yaran maƙwabta muka yi ta gangara shi daga wannan katanga zuwa waccan. A juye, a sake. Ruwan wankin ban yarda ya bi kwata ba, don kwatar unguwarmu kogin Dilimi take nufa, kuma da ruwan nan ake ban-ruwan latas da kabejin da muke saye. A wasu tsofaffin robobi muka tara shi nesa da rijiya, ya kwana, man ya taso sama muka yaɗe da tsumma.

Cikawar ƙarshe jarka ashirin ta ci, mai lita 25. Ɗan garuwa ya yi sawu biyu yana murmushi. Uwargida ta tsaya a ƙofar kicin ta ce, "Malam, tanki ake yi wa wanka sau uku, mu muna tsimin ruwan alwala?" Ban samu amsa ba.

Baba ya zo ranar Asabar da hantsi, da yaronsa da ƙaramin janareta, wanda ya sa aka ajiye can waje. Ya kori yara da mata zuwa cikin ɗaka. Ya ce a ƙara ruwa har sai da ya ga yana malala ta bakin sama, ya bar bakin a buɗe. Ya ɗaure wayar giranda a igiyar shanya don kada ta taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya taka busasshen katako da takalmin roba, domin wanda ya tsere wa wuta bai kamata lantarki ya kama shi ba. Da alli ya zana rabin wata a saman tankin, daidai inda akwatin wuta zai haɗu da shi daga baya. Ya yi bismillah ya sa faifai. Yankan bai kai minti goma ba, ruwa na tsartuwa ta tsagar, ni kuwa ina tsaye bayan bishiyar gwaba ina jin bugun zuciyata a maƙogwaro.

Da muka sauke ruwan, ya haska tocila ta ramin, ya zura dogon ƙarfe ya kankaro gindin, ya miƙo mini. Baƙar laka ce haɗe da ɓawon tsatsa, tana warin dizal kamar jiya aka zuba. Bayan wanki uku. Ya ce, "Ga abin da ka ce babu." Ko ƙofar da ya yanka daga baya, sai da muka kwantar da tankin muka sake zuba ruwa har bakin ramin.

Yanka lafiya rabin magana ne. Sauran rabin shi ne ko ƙarfen ya cancanci a ɗora masa abin da za a ci. A nan ina da ra'ayi mai tsauri, kuma ban damu a ce na cika tsoro ba. Tankin da ya taɓa cin fetur, musamman tsoho, kada ya kusanci abinci. Shekaru da dama ana zuba dalma a cikin fetur. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sai a farkon 2006 suka gama rabuwa da shi, Aljeriya kuwa, wadda ita ce ta ƙarshe a duniya, sai 2021. Dalma ba ta ƙonewa ta ɓace, zama take a cikin tsatsa, kuma mu da muka ga abin da ta yi wa yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Haka duron maganin ƙwari, da na sinadarin fenti, da duk wanda ba ka san abin da ya ci ba, ko kyauta aka ba ka. Dizal shi ake iya ƙone ragowarsa, shi ma sai an yi da gaske.

Gonar wani abokina a hanyar Zariya muka kai shi, don hayaƙin tsohon fenti ba abin da za ka turnuƙe maƙwabta da shi ba ne, kuma shi kansa fentin da yakan zo da dalma. Ga ƙofa a buɗe, ga rami a buɗe, muka loda busasshen itace muka cinna. Rufaffen tanki ba a ƙona shi, ko ya sha wanki ɗari. Muka koma ta inda iska ke fitowa muka zauna. Da fari hayaƙin baƙi ƙirin, mai ɗaci, daga baya ya washe. Awa shida yana ci har fentin waje ya zama toka yana zuba da kansa. Washegari muka goge shi ciki da bai da burushin ƙarfe har ƙarfen ya fito fari, muka wanke, muka sake ƙonawa. Kuskuren da na yi shi ne jefa ƙofar a tsakiyar wutar. Ta fito a karkace kamar ganyen kabeji, sai da Baba ya yini yana dukanta da guduma, ya kuma yi mata ɗamara da falan ƙarfe a gefuna huɗu. Har yau akwai kusurwar da ke satar hayaƙi.

Sauran aikin walda ne kawai, kwana uku. Akwatin wuta da sabon farantin ƙarfe aka yi shi, girmansa wajen kashi ɗaya cikin uku na cikin tankin, aka manna shi ƙasa-ƙasa da ƙaramar taga mai zugewa don sarrafa iska. Bututun hayaƙi mai faɗin inci huɗu, tsawon mita ɗaya, a ɗaya gefen. Ƙafafu huɗu, biyu da tayoyin baro. Ƙanina ya kawo ragar tsohon firji wai mu huta da saye, na ce a mayar. Irin ragar nan rufi ake yi mata da wani ƙarfen ko da roba, haka kwanon rufi da farin bututun ruwa na ƙarfe zinki ne a jikinsu, in suka sha wuta hayaƙinsu na sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Masu walda sun san shi sarai, shi ne suke shan madara wai ta wanke. Madara ba ta wanke komai a huhu, na gaya wa Baba, ya ce to shi dai zai ci gaba da shan abarsa. Da baƙin rodi marar fenti aka saƙa mana raga.

Kafin nama ya shiga, na shafe cikin da man gyaɗa na ba shi wuta ta awa uku har ya yi baƙi yana sheƙi kamar tsohon kasko. Sannan na jera yankan burodi a kan ragar daga wannan gefe zuwa wancan. Burodi ba ya ɓoye wari, da akwai saura na dizal da ya tona. Bai tona komai ba, sai dai ya nuna mini cewa gefen akwatin wuta ya fi zafi nesa ba kusa ba, don na wurin sun ƙone, na can ƙarshe ko launi ba su sauya ba. Muka sa wani faranti a bakin ramin ya riƙa karkatar da zafin ƙasa, da tire a ƙarƙashin raga don kitse ya ɗiga a ciki.

Kajin farko biyu kuwa asara aka yi. Itacen da ya fi yawa a wurin masu sayarwa a Jos shi ne turare, wanda wasu ke kira zaiti, irin wanda aka dasa a filayen da haƙar kuza ta lalata. Yana ci da kyau, shi ya ruɗe ni. Naman ya fito da launi mai ban sha'awa, amma ɗiyata ta gutsura ta ce, "Baba, man zafi aka sa?" Ko kyanwa shinshinawa ta yi ta wuce. Yanzu gawayin ƙirya nake shimfiɗawa a ƙasa, in riƙa ɗora guntun busasshen mangwaro ko gwaba ɗaya bayan ɗaya. Katako mai fenti, da filawud, da leda ko kananzir wajen hura wuta, duk babu su. Kuma na koyi kallon bakin bututu: farin hayaƙi mai kauri yana nufin wutar ta shaƙe, naman zai yi ɗaci. Wanda ake so siriri ne mai ɗan shuɗi, da ƙyar ake ganinsa.

Ma'aunin zafi biyu na saya, ɗaya a jikin ƙofa, ɗaya mai tsinke na cusawa a nama. Ina riƙe cikin tsakanin digiri 110 da 120. Kaza sai tsakiyar cinyarta ta kai 74 nake sauke ta. Haƙarƙarin rago yana cin awa biyar zuwa shida. Yajin ƙuli kuwa sai daf da saukewa nake barbaɗawa, don in ya daɗe a hayaƙi ƙonewa yake. A nan kaurin tankin ya biya ni wahalata. Garin da ke sama da teku da wajen mita 1,200, inda daren Janairu ke sauka kusan digiri 10, siririn duro da iska ta kaɗa sai zafinsa ya zube. Wannan kuwa in ya ɗau zafi ya riƙe ke nan. Wani dare da sanyi ya yi tsanani ƙanina ya ce mu tura shi zaure mu samu ɗumi, na ce sai dai ya ƙara bargo. Iskar gawayi ba ta da wari ba ta da launi, kuma duk hunturu sai an ji gidan da aka kwana da kasko a rufaffen ɗaki ba a tashi ba.

Layyar 2025 a cikinsa muka yi rabin ragon. Abin da na fahimta shi ne naman da aka kyafa don a ci yau daban, na ajiya daban. Na farko yana da laushi da romo, kuma in ya kwana biyu a waje zai lalace kamar kowane dafaffen nama. Na ajiya sai an yanyanka shi siri-siri, an sa gishiri, an rage wuta an bar shi ya bushe har ya riƙa karyewa. Haka tarwaɗa. Hajiyarmu ta sa a miyar kuka, ta ci ta yi shiru, can ta ce bai kai na Baga ba amma ya yi. Ta kuma tambaya ko da gaske tankin Alhaji ne, ta fito da sandarta ta dafa shi.

In aka haɗa kuɗin ruwa, da itacen ƙonawa sau biyu, da motar kai da kawowa, da ladan Baba, abin da na kashe bai yi nisa da kuɗin sabon farantin ƙarfe da za a lanƙwasa mini ba. Da ba na mahaifina ba ne, da na sayar wa 'yan gwangwan na huta. Wanda ke son gwadawa da kuɗi kaɗan, ya nemi duron da man girki ya zo a ciki, shi ma a cika shi da ruwa kafin a yanka, a kuma ƙone shi kafin a ci.

Maƙwabcina da ya ɗanɗana haƙarƙarin ya zo mini da duro biyu da ya saya a hannun 'yan bumburutu, wai in raka shi wurin Baba. Na raka shi. Baba ko tashi daga benci bai yi ba, ya ce, "Alhaji, kai wa 'yan gwangwan, kuma don Allah ka gaya musu fetur ya ci." Alhaji ya yi fushi na kwana biyu. Yanzu duk Asabar yaronsa ke sallama da kaji uku a roba, an gyara an sa gishiri, amma har yau ko guntun itace bai taɓa haɗo su da shi ba.